Ƙodar Uba a Cikin Ɗan Shekara Biyu: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum jama'ar Zongo. Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, dukansu a kan dashen ƙoda ga yara ƙanana. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin yara kafin in yi ritaya, kuma har yau in na ji an ce ƙodar yaro ta daina aiki sai gabana ya faɗi, don na san irin dawainiyar da ke jiran gidan. Abin da zan faɗa guzuri ne da za ku riƙe ku shiga wurin likita da shi. Hukuncin ƙarshe yana hannun likitan da ke riƙe da katin yaron.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ɗana shekararsa biyu da wata huɗu, nauyinsa kilo 9. An haife shi da toshewar hanyar fitsari, an yi masa aiki, amma ƙodojin sun riga sun lalace. Likitoci a Gee, wato asibitin Komfo Anokye na Kumasi, sun ce ƙarshenta sai dashe. Babansa ya ce shi zai bayar. Surukata kuma ta ce ina ƙodar ƙato za ta shiga cikin jariri, ai cikin fashewa zai yi. Maganarta ta hana ni barci. Ƙaramar ƙoda ya kamata mu nema? Daga wata uwa, Aboabo.

Amsa: 'Yata, Allah ya ba shi lafiya, ya saka wa babansa da alheri. Kada ki ga laifin surukarki. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙodar sa ranar Layya, ya juya ya dubi cikin ɗan shekara biyu, irin tunaninta zai yi. Ƙodar babban mutum tsawonta santimita 10 zuwa 12 ne, nauyinta kimanin giram 150, ta sabon haihuwa kuwa ba ta wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Duk da haka tana shiga, kuma ƙodar uwa ko uba tana cikin mafi alherin abin da yaro irin naki zai samu.

In babba za a yi wa dashe, a gefen mara ake ajiye sabuwar ƙodar, a haɗa ta da jijiyoyin jinin da ke sauka zuwa ƙafa. Ƙaramin yaro ba shi da wannan filin, jijiyoyin wurin kuma sirara ne. Sai likitan tiyata ya ɗaga ta sama cikin ciki, galibi ta dama, ya ɗinke jijiyoyinta kai tsaye da manyan jijiyoyin nan biyu na tsakiyar jiki, wadda ke sauko da jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi. Hanji abu ne mai laushi, yana matsawa ya ba baƙuwa wuri. A kwanakin farko cikar cikin kan sa numfashi ya yi nauyi, shi ya sa wasu yaran ke kwana a kan na'urar numfashi bayan aikin. Daga baya za ki ga cikin ya ɗan tasa ta gefe ɗaya, in kin dafa ki ji ta a ƙarƙashin hannunki, har yaro ya girma ya rufe ta.

Abin da girman ƙodar ke nema a wurin yaro shi ne jini, kuma nan nake so ki tsaya ki fahimta sosai. Ƙoda ɗaya a jikin babansa ta saba jini kimanin rabin lita yana ratsa ta a kowane minti, wato ledar piya wata guda cike. Jinin da ke jikin yaro mai kilo 10 gaba ɗaya kuwa kimanin mililita 800 ne, bai cika leda biyu ba. A lokacin da likita ya saki matsin da ya yi wa jijiyoyi, sabuwar ƙodar takan zuƙe kaso mai yawa na jinin yaron nan take. In ba a shirya ba, bugun jininsa sai ya faɗi, jini ya riƙa tafiya a hankali cikin ƙodar, jinin da ke tafiya a hankali kuwa yana daskarewa ya toshe hanya. Wannan toshewar tana cikin manyan dalilan da ke sa a rasa ƙoda a kwanakin farko ga ƙananan yara. Saboda haka likitan da ke sa barci yakan cika yaron da ƙarin ruwa, wani lokaci da jini, tun kafin a saki matsin, kuma a ɗakin kulawa ta musamman ana riƙe awon jininsa sama da yadda aka saba gani ga tsaransa, don ƙodar ta samu abin da ta saba.

Wani likitan tiyata a jami'ar Stanford ta Amurka, Oscar Salvatierra, shi da abokan aikinsa sun auna wannan abin a 1998. Sun ga jinin da ke bi ta babbar jijiyar jariran ya ninka fiye da sau biyu bayan an dasa musu ƙodar babba. Zuciyar yaro tana ƙoƙari ƙwarai ke nan. Amma ko da wannan ƙoƙarin, jinin da ke isa ga ƙodar bai kai wanda take samu a jikin mai ita ba, kuma bayan 'yan watanni sai ta ɗan motse. Darasin da suka fitar shi ne a riƙa ba yaron ruwa mai yawa na tsawon watanni bayan dashe, ko da ta roba ne. Zan koma kan wannan a amsa ta ƙarshe.

To ita ƙaramar ƙodar fa? A da likitoci ma sun ɗauka daidai ruwa daidai tsaki, a ba ƙarami ƙarama. Da aka tara bayanan yaran da aka yi wa haka, sai aka ga ƙodar da aka ɗauko daga yara 'yan ƙasa da shekara biyar ko shida ta fi saurin toshewa in an sa wa ƙaramin yaro. Jijiyarta siririya ce kamar tsinken tsintsiya, ta yaron ma siririya, ɗinkin yana da wuya, ɗan murɗewa kaɗan ya isa ya tsayar da jini. Jijiyar ƙodar babba tana da faɗi, ɗinkinta ya fi aminci. Ƙari a kan haka, ƙodar mai rai ba ta daɗewa a cikin ƙanƙara, daga wannan ɗakin tiyata ake kai ta wancan, kuma yaro ya gaji rabin alamomin jikinsa daga babansa, abin da ke rage wa garkuwar jikinsa faɗa da ita.

Aikin da ke gabanki yanzu shi ne kilo ɗayan nan da ya rage. Yawancin asibitocin da ke wannan aiki sun fi son yaro ya kai kimanin kilo 10, ko da yake wasu ƙwararru kan yi wa wanda bai kai ba. Yaro mai ciwon ƙoda ba ya son abinci, yana yawan amai, girmansa yana tsayawa. In likita ya ce a sa masa robar abinci ta hanci ko ta ciki, ki yarda. Na ga iyaye mata da yawa suna ƙi, wai mutane za su ce yaron ya kusa tafiya. Wannan robar ita ke kai yara da dama ga kilo 10. Sannan ki kiyayi shawarar maƙwabta ta cewa mai ciwon ƙoda ba ya cin gishiri, ba ya shan ruwa da yawa. Ga manya da yawa haka ne. Amma yaran da aka haifa da toshewar hanyar fitsari sau da yawa fitsari suke yi ba ƙaƙƙautawa, gishiri yana bin fitsarin yana fita, har likita kan ƙara musu shi. Abin da aka rubuta wa ɗanki shi kaɗai za ki bi. Ki tambaya kuma ko an duba mafitsararsa, domin mafitsarar da ta lalata tsofaffin ƙodoji tana iya lalata sabuwa in ba a daidaita ta ba. Ki kammala masa allurar rigakafi tun yanzu, musamman ta ƙyanda da ta shawara, don bayan dashe ba a ba da irinsu.

In da hali ki tafi da surukarki asibiti ranar ganin likita, ta ji da kunnenta, ta yi tambayarta da bakinta. Jikanta ne, tsoro ne ya sa ta magana.

Tambaya: Hajiya, ina sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine. 'Yar ƙanena shekararta huɗu, tana kan wankin ƙoda. Wani ya haɗa ni da wani mutum a WhatsApp, ya ce yana da hanya a ƙasar waje, za a samo ƙodar yaro daidai girman tata, ba sai wani a cikinmu ya bayar ba. Ya ce in tura kafin alƙalami ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Ina da fili a bayan gari, na yi niyyar sayarwa. Me kika gani? Daga Alhaji, Asawase.

Amsa: Alhaji, Allah ya bar zumunci. Mutumin da zai sayar da filinsa saboda 'yar ƙaninsa ya cancanci a gaya masa gaskiya ba kwana-kwana: kada ka tura masa ko pesewa ɗaya, kada ka tura masa takardun yarinyar, ka daina amsa kiransa.

Ka tambayi kanka, ƙodar yaro daga ina za ta fito? Babu asibitin kirki da ke cire ƙodar yaro mai rai ya ba wani. Mai bayarwa sai ya cika shekara 18, ya amince da kansa. Ƙodar yaron da ya rasu kuwa, a ƙasashen da ke da wannan tsari, iyayensa ne ke sadaukarwa, hukuma ta raba bisa layin jira, ba a ɗora mata farashi, kuma 'yan ƙasar ma jira suke yi. Saboda haka maganar dillalin nan ɗayan biyu ce. Ko dai ba shi da komai, kuɗinka zai ci ya kashe waya. Ko kuma yana da ita, wanda ke nufin an cuci ɗan wani talaka a wani wuri, an yanka shi don kuɗi. Na san ba ka son ko ɗaya.

Addini da doka bakinsu ɗaya a nan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta mai rai ya ba da gaɓarsa bisa sharuɗɗa, ta kuma hana sayarwa. A 2008 likitocin dashe na ƙasashe da yawa suka haɗu a Istanbul suka fitar da sanarwar yaƙi da fataucin sassan jiki. Indiya, inda mutanenmu da yawa ke zuwa, tana da dokarta tun 1994, kuma baƙo sai ya zo da nasa mai bayarwar, da takardun da ke tabbatar da dangantaka, kwamiti ya tantance su kafin a yi aiki. Ka tuna kuma abin da ya samu Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya. 'Yarsa ce ba ta da lafiya, aka kai wani saurayi mai talla daga Legas zuwa Landan don a cire ƙodarsa, a 2023 kotun Ingila ta ɗaure shi shekara 9 da wata 8. Uba ne da ciwon 'ya ya rufe wa ido, kuma duk girmansa bai tsira ba. Ko ta fuskar lafiya zalla, ƙodar bayan fage ba a san jinin mai ita ba, tana iya zuwa da ciwon hanta ko ƙanjamau, kuma a sallamo yarinya babu takardar da likitocinta na Kumasi za su ɗora a kai.

Ita kanta maganar "daidai girmanta" da ya ja hankalinka da ita, ƙugiya ce. A 2005 Amurka ta kafa ƙa'idar ba wa yara fifiko a kan ƙodojin mamatan da ba su kai shekara 35 ba, wato ƙodar matashi cikakke mai lafiya suka nema wa yaransu. Gaskiya ne ƙodar yaro tana da wani alheri: in ta tsallake haɗarin farko, tana girma tare da wanda aka sa wa, alhali ta babba ba ta ƙara girma. Shi ya sa wasu manyan cibiyoyi masu gwanaye ke amfani da ita, wani lokaci su dasa biyun a haɗe da jijiyarsu. Amma wannan aikin ƙasashen da ke da tsarin karɓar gaɓoɓin mamata ne. A nan Gana, tun da aka fara dashe a asibitin Korle Bu na Accra a 2008 tare da likitocin da suka zo daga Ingila, har zuwa 2023 da likitocinmu suka yi da hannunsu, daga masu rai ake karɓa. Ƙodar da yarinyar nan za ta samu tana cikin gidanku, a jikin uwarta, ko ubanta, ko kai kanka in gwaji ya yarda.

Game da filin, kada ka sayar tukuna. Ka fara da likitocin ƙodar yara na Komfo Anokye, su gaya maka ko yarinyar ta isa dashe, su rubuta takardar tura ku, su tuntuɓi asibitin can da kansu. Akwai wuraren da aka san su da dashen yara, kamar asibitin yara na Red Cross a Cape Town ta Afirka ta Kudu da wasu manyan asibitocin Indiya. Duk inda za ku, ka sa a tambaye su a rubuce: yara nawa 'yan ƙasa da kilo 15 suka yi wa dashe a bara, suna da ɗakin kulawa ta musamman na yara, kuɗin da suka yanka ya haɗa da gwajin mai bayarwa da tiyatarsa, in an samu matsala aka ƙara kwanaki wa zai biya. Asibitin da ya ƙware a dashen manya ba lallai ne ya ƙware a na yara ba. Kuɗi kuma a asusun asibiti ake zuba shi, a karɓi rasit.

In ka zo lissafi, ka ware kason magani tun kafin kuɗin jirgi. Maganin hana jiki ƙin ƙodar ana shan sa ne muddin ƙodar tana aiki, ga gwajin jini a kai a kai. Na ga gidan da ya tattara komai ya kai tiyata, shekara ba ta zagayo ba kuɗin magani ya gagara, ƙodar ta tafi. Wannan abin har yau yana yi mini ciwo. Kafin lokacin, ka tabbata katin inshorar lafiyarta yana aiki, domin tun watan Yunin 2024 hukumar inshorar ta fara ɗaukar nauyin wankin ƙoda ga 'yan ƙasa da shekara 18. Ka kuma tambayi ofishin walwala na asibiti yadda ake neman tallafin MahamaCares, asusun gwamnati na taimakon marasa lafiya da aka kafa a 2025.

Tambaya: Hajiya, ɗanmu shekararsa biyar, kilo 16. Ni gajeriya ce, kilo 52. Mijina dogo ne mai jiki, amma an ce yana da hawan jini kaɗan. Mahaifiyata mai shekara 54 ta ce ita za ta bayar. Dangin mijina sun ce tawa ta yi ƙanƙanta, ta tsohuwa kuma ta gaji. Muna kuma son ƙarin haihuwa. Wa ya kamata? Daga wata 'yar'uwa, Sawaba.

Amsa: 'Yata, ga yaro mai kilo 16, ƙodar kowane babba mai lafiya ta ishe shi har da rara. Ƙanƙantar jikinki ba aibi ba ce a nan, wataƙila ma ta sauƙaƙa wa likita wurin ajiyewa. Inda ƙanƙanta ke zama abin dubawa shi ne in mai karɓa ya fi mai bayarwa jiki nesa ba kusa ba, misali saurayi mai kilo 80 da uwa mai kilo 50. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, ana gama halittarsu tun mutum yana ciki, ba a ƙara sababbi bayan haihuwa. In matatai kaɗan suka ɗauki aikin babban jiki, kowace tana aiki fiye da ƙima, su gaji da wuri. Ɗanki bai kai nan ba.

Abin da zai raba gardamar shi ne gwaji, kuma lafiyar mai bayarwa ake fara dubawa. Hawan jinin mijinki ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da zai rayu da ƙoda ɗaya. Likitoci da yawa za su yi taka-tsantsan da shi, wasu su ƙi. Sai rukunin jini: mai O yana ba kowa, alamar fozitib ko negetib ba ta hana komai a dashen ƙoda. Sai gwajin haɗa jinin yaro da na mai bayarwa, da hoton sikanin da ke nuna jijiyoyin ƙodar, domin mai jijiya ɗaya ta fi sauƙin ɗinki a jikin ƙaramin yaro fiye da mai biyu ko uku. Za a duba suga, ciwon hanta, da sikila. In akwai hali ku tambayi gwajin ƙwayar halittar da ake kira APOL1. Wasu nau'o'inta sun yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma, kuma binciken da aka yi a Gana da Najeriya aka wallafa a 2024 ya tabbatar suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Mai ɗauke da biyu daga cikinsu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, musamman matashi, ya kamata a yi masa bayani sosai kafin ya bayar.

Batun haihuwa: mace tana haihuwa lafiya bayan ta ba da ƙoda, amma haɗarin hawan jini na masu ciki yana ƙaruwa. Wani bincike a Kanada a 2015 ya samu 11 cikin 100 ga waɗanda suka bayar, 5 cikin 100 ga waɗanda ba su bayar ba. In ke kika bayar, sai ki jira ki warke sarai kafin ciki, ki kuma riƙe awo da muhimmanci.

Ra'ayina, a gwada Mma, mahaifiyarki. Mace mai shekara 54 da ba ta da hawan jini ko suga ba a kore ta saboda shekaru kawai, ko da yake ƙodar matashi ta fi tata tsawon kwana. Dalilina shi ne ɗan shekara biyar da wuya ƙoda ɗaya ta kai shi ƙarshen rayuwa, mai yiwuwa zai buƙaci wata in ya girma. In kaka ta bayar yanzu, ke kina nan a ajiye. In gwaji ya ƙi ta, sai a dawo kanki. Abu ɗaya nake roƙo: kowa ya shiga wurin likita shi kaɗai, ya faɗi abin da ke zuciyarsa. Na sha ganin an tura mace gaba don ita ce ba ta iya cewa a'a. Duk wanda ya bayar kuma, a tanadar masa abin da zai ci na makonni huɗu zuwa shida da ba zai ɗaga kaya mai nauyi ba, balle in da kasuwa yake ci.

Tambaya: Hajiya, ƙanwata tana dawowa da ɗanta mai shekara uku, an dasa masa ƙodar babansa, Alhamdulillahi. Ina so in yi musu sayayya. Wasu sun ce in sayi babbar na'urar tace ruwa, wasu sun ce maganin wanke ƙoda na gargajiya. Kuɗina ba su da yawa. Daga Yaya, Akwatia Line.

Amsa: Barka, Allah ya raya shi. Maganin wanke ƙodar nan, ki bar shi a inda kika gan shi, ko na kwalba ne ko jiƙo ne ko wanda ake talla a cikin mota. Ba a san abin da ke ciki ba, kuma yana iya hargitsa maganin asibitin. Babbar na'urar ma ba dole ba ce. Ruwan da aka tafasa aka rufe a mazubi mai tsabta ya wadatar.

Fara da kofi ko gora mai alamar mililita a jiki, da littafin rubutu. Ƙodar babansa har yanzu ruwan babban mutum take nema. Likita zai yanka masa adadin da zai sha a rana, wanda kan haura lita ɗaya ko ga ƙaramin yaro, kuma ba ƙishirwarsa za a jira ba. A raba shi daga asuba zuwa dare, a rubuta kowane kofi. In an dawo da shi da roba a ciki ko a hanci don ruwan dare, kada kowa ya matsa a cire. Ƙodar da ta daɗe cikin ƙarancin ruwa tana yin tabo a hankali, abin da ya yi tabo kuma ba ya dawowa. Zafin Fabrairu da Maris na garin nan, da bushewar hunturu, lokutan sa ido ne.

Sai sikeli mai nuna lamba, a riƙa auna shi kowace safiya; raguwar nauyi kwatsam alamar bushewa ce. Sai na'urar awon jini, amma ki tabbata an ba ki ɗamarar hannu ta yara, domin ta manya ba ta ba da awo daidai a siririn hannu. Ki kai ta asibiti a gwada ta da tasu. Ma'aunin zafin jiki, gidan sauro mai magani, da ƙunshin gishiri da suga na gudawa su cika jakar. Gudawa ko amai ga wannan yaron maganar asibiti ce a ranar, ba a kwana ana dubawa, domin tana busar da shi kuma tana sa takrolimus, maganin hana jiki ƙin ƙodar, ya taru a jininsa. Zazzaɓi ma haka, kada a tsaya a kemis. Kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac, kada ya sha garehul.

In kuɗi ya ragu, ki zuba shi a magani. Takrolimus ana shan sa a kan lokaci, yawanci awa 12 tsakani, ba a tsallakewa, ba a canja kamfani sai da sanin likita, don haka a riƙa ajiye na gaba tun na hannu bai ƙare ba. Wayar ƙanwarki ta riƙa ƙara a lokutan biyu, taki ma haka.

Aiki ɗaya kuma ke za ki fi kowa iya shi: tsare ƙofa. 'Yan barka za su cika gidan, kuma hakkinsu ne, amma a watannin farko garkuwar jikin yaron a ƙasa take. Mai tari, mai mura, da yaron da ke da ƙyanda ko ƙarambau su gaisa daga waje. Ƙodar babba kan zo da wasu ƙwayoyin cuta da manya suka daɗe da sabawa da su amma yaro bai taɓa haɗuwa da su ba, shi ya sa likita zai riƙa ɗibar jininsa ko da yana wasa lafiya. Kada a ga kamar ɓata kuɗi ne, kuma in an ga ƙululu a wuyansa ko hammata a nuna. In masu ɗigon foliyo sun zo gida-gida, a gaya musu an yi masa dashe, kada a ɗiga masa sai an tambayi likitansa. Ranar da zai fara zuwa makaranta, ta boko ko ta allo, ke da ƙanwarki ku je ku samu malamin, ku gaya masa wannan yaron gorarsa tana gefensa koyaushe, kuma duk lokacin da ya ce zai yi fitsari a bar shi ya fita.